Mun Je Kano Neman Gurasa, Muka Dawo da Hoce

Rubutun wannan makon kanmu ya faɗo, mu 'yan ƙungiyar marubuta na yankin Safana da Batsari. Da farko mun shirya kawo muku bayani kan yadda ake gina jarumi a labari, sai wani abu ya faru a zamanmu na wata-wata wanda ya sa muka ajiye wancan gefe.

Ɗaya daga cikinmu ne ya tashi ya karanta mana babi na uku na littafin da yake rubutawa a waya. Jarumar tasa 'yar ƙauye ce, yadda ya siffanta garinsu ma kai ka ce Tsaskiya yake nufi. Amma da safe ta karya da soyayyen dankalin Turawa da ƙwai da shayi mai kauri, da rana aka kawo mata soyayyar shinkafa da kaza, da dare kuma saurayinta ya aiko da shawarma da lemon kwali. Muna ta yaba masa. Sai babbanmu a shekaru, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Malam, kai yau da sahe mi ka ci?" Ya ɗan yi jim, ya ce, "Ɗumame."

Mun yi dariya har da riƙe ciki, amma dariyar ba ta daɗe ba, don da kowa ya buɗe nasa rubutun sai muka tarar duk kanwar ja ce. A cikin labaranmu gaba ɗaya tuwon dawa miyar kuka wuri guda yake fitowa: ranar da kishiyar uwa ke son azabtar da marainiya. Abin da iyayenmu suka raine mu da shi, mun mayar da shi bulala. In jaruma ta auri mai kuɗi kuwa, alamar farko ita ce ta daina cin abin da muke ci. Ba mu zauna mun ƙulla haka ba, abin da muka tarar ana rubutawa a littattafan intanet muka bi, ido rufe.

Bayan wannan da 'yan kwanaki kawun ma'ajiyarmu ya zo gida gaisuwa. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma yana zuwa sarin kaya Gwanzu, wato birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin, inda ake yin babban baje kolin nan sau biyu a shekara tun 1957. Muka je gaishe shi, hira ta kai mu ga abinci, muna zaton zai ba mu labarin macizai da kwaɗi irin wanda ake yi wa mutanen Sin ba'a da shi. Sai ya ce shi tun da yake zuwa bai taɓa kwana da yunwa ba. A unguwar Xiaobei, inda baƙi 'yan Afirka suka fi sauka, akwai shagunan Musulmin ƙasar, 'yan ƙabilar Hui, da ke sayar da taliyar hannu da romon naman sa. A gabanka mutum zai ɗauki curin ƙullu ya yi ta ja yana ninkawa har ya zama zare-zare, ya jefa a tafasasshen ruwa. Sunan garin da taliyar ta fito, Lanzhou, shi ne a rubuce a allon shagon, ko da kuwa garin yana can nesa a arewa maso yamma. Akwai kuma mutanen Xinjiang masu tsiren rago da wani burodi mai faɗi da suke mannawa a cikin tanderu. "Wallahi ɗiyata," in ji shi, "ranar da na fara gani tsayawa na yi, na ce wannan ai gurasar Jakara ce." Har masallacin Huaisheng ya ba mu labari, wanda mutanen can ke dangantawa da Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wata magana da ya yi a ƙarshe. Ya ce in abokin cinikinka na can yana son girmama ka, ba otal ɗin Turawa zai kai ka ba. Lungu zai shiga da kai, wurin wata tsohuwa, ya gaya maka sunan abincin, da garin da ya fito, da yadda kakarsa ke yin sa. Muka tambayi kanmu: in Basine ya sauka a Kano ya ce mu zaga da shi haka, za mu iya? A cikinmu huɗu babu wanda ya san inda ake gasa gurasa. Kawu ya ce mu zo, masauki nasa ne.

Muka tara kuɗin mota. Daga Dutsin-Ma muka bi ta Kankiya, Tsanyawa, Bichi, muka wuce Dawanau da manyan motocin hatsinta, muka sauka a tashar Ƙofar Ruwa bayan la'asar. Dokar da muka kafa wa kanmu guda biyu ce: ba za mu shiga gidan abinci mai gilashi ba, kuma duk abin da muka ci sai mun tambayi sunan kowane mataki na yin sa, mun rubuta.

Washegari da sassafe yaron shagon Kawu ya ja mu zuwa Cediyar 'Yan Gurasa a cikin Dala. Tun daga bakin lungu hayaƙin kara da ƙanshin fulawa suka tarbe mu. Wata Hajiya ta yarda muka tsaya daga zaure muna leƙen tsakar gida, ma'ajiyarmu ta shiga ciki. Tanderu dai babbar tukunyar ƙasa ce da ake hura wuta a cikinta har jikinta ya ɗauki zafi. Tun dare ake kwaɓa fulawa da yis a rufe, ƙullun ya tashi. Mai gashi za ta jiƙa hannu a ruwa, ta ɗebo ƙullu, ta faɗaɗa shi a tafin hannu, ta zura hannun cikin tanderun ta manna a jikinsa, sannan ta rufe. Sai ta yi wannan sau ɗaruruwa kafin hantsi. Ma'ajiyarmu ta ce da ta dubi damtsen matar, duk tabon wuta ne, sabo a kan tsoho. Mun ci gurasa ba adadi a rayuwarmu, ba mu taɓa tunanin akwai damtsen da ke ƙonewa dominta ba.

Sunan ma baƙo ne. Gurasa daga Larabci take, haka alkubus da alkaki, haka tanderun kansa, wanda danginsa ne ake amfani da su tun daga ƙasashen Larabawa har Indiya da Xinjiang ɗin da Kawu ya gani. Fatake Larabawan da suka ratso Sahara suka zauna a unguwannin da ke kewaye da kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, su suka zo da wannan hannun, Kanawa suka karɓa suka mayar da shi nasu. Bandashe kuwa aikin Kano ne tsantsa: a tsoma gurasar a ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli mai yaji, a yaryaɗa man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir da kabeji. A tsaye muka ci, man na bin yatsunmu.

Da muka yaba, Hajiyar ta ce yabo ba ya sayen buhun fulawa. Ta tuna mana cewa a watan Fabrairun 2024 matan da ke wannan sana'a sun fito kan titi a Kano saboda tsadar fulawa, abin da muka gani a labarai a lokacin muka wuce. Ta ce da yawa sun kashe tanderunsu, waɗanda suka rage kuma sun rage girman gurasar, don in ka ƙara kuɗi almajiri da ɗan dako ba za su iya saya ba, su ne kuwa masu ciniki.

Daga nan muka gangara Jakara muka shiga Kurmi. Ba za mu cika ku da lissafin duk abin da ya shiga cikinmu ba: ɗanwake da mai da yaji, waina da miyar taushe, dambun shinkafa da zogale, alewar madara. Mai ɗanwaken ta yi mana gyara guda da ya kamata duk marubuci ya riƙe. Ta ji ɗayanmu yana rubuta "ta dafa ɗanwake", ta ce ba a cewa haka, jefa shi ake yi, ko a ce an saki ɗanwake. Garin wake da na rogo, kuka, ruwan kanwa, a kwaɓa, a riƙa tsinkowa da yatsu ana jefawa a tafasasshen ruwa, in ya taso sama ya kusa nuna. Haka a Agadasawa wurin masu kilishi muka koyi cewa haɗin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma busasshen naman a ciki sunansa labu, kuma sau biyu ake shanya kilishi, kafin labu da bayansa, sannan a nuna masa wuta kaɗan. Mutum huɗu masu kiran kansu marubuta, ba wanda ya san kalmar nan sai ranar.

Awara ce ta ba mu mamaki. Mu da ita muka yi karatun difloma a Katsina, ita ce abincin ranar da aljihu ya yi sanyi, har muna ganin babu abin da ya kai ta zama na Bahaushe. Yaron Kawu ya ce maigidansa kan ce a Sin ana yin ta iri-iri, da mai laushi kamar kindirmo, da busasshiya, da wadda ake bari ta yi wari da gangan. Gaskiya ne kuwa, waken suya daga can ya fito, kuma sun daɗe ƙwarai suna daskarar da madararsa. A wurinmu ba ta daɗe ba, kakanninmu ba su tashi da ita ba. Sunanta ma aro ne daga wara, cukun da Fulani ke yi da madarar shanu da ruwan tumfafiya. Da madara ta yi tsada, wake ya maye gurbinta, aka riƙa daskarar da shi da ruwan tsami. Wato abincin da muke wa kallon na gargajiya ɗan Sin ne da ya ari rigar Fulani, wanda muke wa kallon na birni kuma, gurasa, ya fi shi daɗewa a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Mun rubuta wannan muna jin daɗi, muna ganin mun samo abin burge ku da shi.

Da azahar rana ta buɗe, muka nemi fura. Aka nuna mana wani shago mai firji da injin markaɗe. Yaron ya jefa curin fura biyu a bilenda, ya zuba wani farin abu daga jarka, ya sa sukari da ƙanƙara, ya danna. Kafin ka ce kwabo ga ta a kofin roba, sumul, ba gudaji ko ɗaya. Da sanyi, da daɗi, ba za mu yi mata ƙarya ba. Babbanmu ya tambaye shi daga wace ruga nonon ya zo. Yaron ya yi murmushi ya ce madarar gari ce ake kwaɓawa a sa mata tsami ta kwana.

A nan ne yawon namu ya sauya, domin maganar nono ba ƙaramar magana ba ce ga ɗan yammacin Katsina.

Waɗanda ba su san yankinmu ba, Tsaskiya tana cikin ƙaramar hukumar Safana, maƙwabtan Batsari, kuma dajin Rugu yana yamma da mu. Muna yara, hantsi na yi za ka hango matan Fulani sun jero daga rugage, ƙore a kansu an rufe da faifai. Kowane gida da tasa mai nonon. Sau da yawa ma ba kuɗi ake ba ta ba, gero ake auna mata. Iyayenmu mata su surfa gero, su wanke, su daka da citta da kanumfari da barkono, su dafa, su kirɓa a turmi, su cura. Rabin fura a gidanmu ake yi, rabin yana zuwa a ka daga daji, sai sun haɗu a ƙwarya ɗaya sannan a samu abin sha. Da kaka kuma shanunsu su shiga gonakinmu su ci kara su bar mana taki. Ba mu ce babu faɗa a lokacin ba, ana yi, kan ɓarna da kan burtali, amma ana gamawa a gaban mai gari.

Abin da ya biyo baya kun ji shi a rediyo, mu kuwa a cikinsa muka girma. Satar shanu, sannan satar mutane, sannan ƙone garuruwa. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a dare ɗaya a Tsauwa da Dankar cikin Batsari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Safana da Batsari, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya. A tsakanin waɗannan shekarun ne ƙoren nan suka yi ta raguwa a hanya. Babu ranar da za mu nuna mu ce yau suka daina zuwa gidajenmu. Mun dai wayi gari muna dama fura da ruwa da tsamiya.

A bakin shagon nan, da kofunan roba a hannunmu, ma'ajiyarmu ta ce ita tana son ta rubuta labarin mai nonon gidansu, wadda ta goya ta tana jaririya, wadda har yau ba ta san inda ta shiga ba. Sai marubucin jarumar shawarma ya ajiye kofinsa. Yayansa uwa ɗaya uba ɗaya aka harbe a gona shekaru uku da suka wuce, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Ya ce duk wanda ya rubuta labarin tausayin ruga a wannan lokacin, ya cire sunansa daga ƙungiya. Ya ce su waye ke kai wa mutanen daji labarin wanda ya sayar da sa, da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi? Ma'ajiyar ta ce matar da take magana a kai an kwashe shanun mijinta tun kafin a taɓa na kowa a garin, daga baya kuma ta daina shigowa kasuwa ne don tsoron kada a tare ta a hanya saboda kamanninta. Ya ce wannan ba shi zai dawo masa da ɗan uwansa ba. Ta ce ba ta ce zai dawo da shi ba.

Ba mu raba wannan gardamar ba, kuma ba za mu yi muku ƙaryar cewa mun raba ta ba. Mu sauran biyun shiru muka yi, don kowannensu abin da ya gani da idonsa yake faɗa. Abin da muka lura da shi kawai, daga baya da muka zauna, shi ne wataƙila ba son birni kaɗai ya sa muke cika labaranmu da shawarma ba. Shawarma ba ta da dangi a garinmu. Ba wanda aka kashe a hanyar kawo ta. In ka sa jarumarka ta dama fura, dole ka faɗi inda nonon ya fito, in ka faɗa kuma ka taɓo abin da kai kanka ba ka gama sanin yadda za ka ɗauke shi ba. Gudun wannan ne ya sa alƙalaminmu ke tsallakawa zuwa Abuja da Dubai tun a shafi na biyu.

Muka hau adaidaita ba mai ce wa kowa uffan. Shirinmu na yamma shi ne tsire da balangu, da shayi da Indomie wurin mai shayi bayan isha'i, amma duk ba mu da bakin ci. Muka ce bari mu biya Ƙofar Ruwa mu tambayi motar safe.

A gefen tashar, bayan masu lemo da ayaba, wata dattijuwa na zaune a kan buhu, gabanta roba an rufe da tsumma mai tsabta, gefe kuma ƙullin garin ƙuli. Ba ta talla, ba ta kiran kowa. Babbanmu ne ya hango abin da ke leƙowa daga ƙarƙashin tsumman, ya tsaya cak ya ce, "Kai, hoce!"

Wanda bai san hoce ba, ƙullun dawa ne ake bari ya kwana ya yi tsami, a gasa shi ba mai, ya fito da kauri da ɗan ƙauri-ƙauri a baya. Abincin masu zuwa gona ne da matafiya, don yana kwana biyu bai lalace ba, kuma in ka ci ɗaya da ƙuli ka sha ruwa ka gama da yunwa har yamma. A wajenmu da Zamfara da Sakkwato aka fi sanin sa. Duk yawon da muka yi a Kano ranar ba mu gan shi ko'ina ba.

Muka durƙusa muka gaishe ta. "Inna, ina wuni?" Tana buɗe baki muka san ta gida ce. "Lahiya lau ɗiyana. Ku mutanen ina ne?" Muka ce Tsaskiya. Ta saki tsumman da ke hannunta, ta ce, "Tsaskiya ta Sahana?" Sai ta shiga tambayar mu mutane, wasu mun san su, wasu sun rasu ba ta ji ba. Ita daga wani ƙauye take bayan Runka, a bakin dajin. Sau uku ana tashin su suna komawa, a na huɗun ba su koma ba. Ta fara zama Dutsin-Ma wurin ɗiyarta, ɗakin ya yi musu kaɗan, wani ɗan ƙanenta mai gadi a Kano ya ce ta taho. Jikoki uku ke hannunta.

Muka tambaye ta ko Kanawa na saye. Ta ce ina, su ba su san shi ba, wani ma in ya gutsura sai ya ce ya yi tsami, ya lalace. Masu sayenta direbobin hanyar Katsina ne da 'yan kamasho da 'yan ci-rani na wajenmu, shi ya sa ta zaɓi bakin tashar. Ta ce ta gwada awara don ita ke tafiya a nan, hannunta bai karɓa ba, ta yi asarar kwano biyu na wake ta haƙura. Da dawar kanta take yi a da, kaura daga gonar mijinta, yanzu kuwa awo take yi kwano-kwano, kuma in ta cire kuɗin dawa da niƙa da itace, abin da ke saura bai wuce na koko da sabulu ba. "Amma ya hi bara," in ji ta. Sau biyu ta faɗi haka.

Ɗayanmu ya ciro waya zai ɗauki hoton robar. Ta ɗaga hannu ta ce a'a. Ta ce akwai mutanen garinsu da suka san ta da rumbu uku, ba ta son su gan ta a waya a bakin tasha. Ya mayar da wayar aljihu, kunya ta kama mu duka, don tun safe muke ɗaukar hotunan mutane da abincinsu ba tare da mun tambayi kowa ba.

Ma'ajiyarmu ce ta yi ƙarfin halin tambayar ta nono. Muna jin haka gabanmu ya faɗi, muka saci kallon ɗan uwanmu. Inna ta ce rabonta da kindirmo na gaske tun tana gida. Ta ce akwai wata da ta yi shekara ashirin tana kawo mata, tare suka yi goyon fari. Ranar da aka fara tashin garinsu, ita ce ta aiko yaro da yamma ya ce kada su kwana a gida. Ta kuma ce a cikin waɗanda suka shigo a daren akwai wanda ta gane muryarsa, yaron da ta sha ba shi tuwo a ƙofar gidanta, ɗan rugar da ke kusa da ta ƙawar tata. Duka biyun ta faɗa da murya ɗaya, tana gyara tsumman robarta, ba ta tsaya ta auna mana wanne ya fi nauyi ba. Ɗan uwanmu bai ce komai ba. Shi ne dai ya tambayi kuɗin abin da ya rage a robar gaba ɗaya, ya biya daga aljihunsa, ba daga kuɗin ƙungiya ba. Ta ƙara mana biyu gyara, muka ce ta bar shi, ta ce ba a yi wa ɗan gida haka.

Da dare Kawu ya tambaye mu me muka gano a Kanon tasa. Muka ba shi labarin tanderu da labu da awara, ya ji daɗi. Muka miƙa masa hoce ɗaya. Ya juya shi a hannu, ya ce rabonsa da shi tun kafin ya yi aure, ya aika a kawo masa ruwa da ƙuli. 'Ya'yansa, haihuwar Kano, suka gutsura suka yamutsa fuska suka ajiye.

A mota washegari marubucin namu ya buɗe babi na uku yana ta gogewa yana rubutawa, bai nuna wa kowa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ma'ajiyarmu har yanzu ba ta fara nata labarin ba, shi kuma bai cire sunansa daga ƙungiya ba.

Da muka iso gida muka biya gidan su babbanmu, muka ba mahaifiyarsa sauran hocen a leda. Ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce hannun na wajenmu ne amma dawar ba ta nan ba ce. Muka ba ta labarin matar da ƙauyen da ta fito. Ta ce ai tana da 'yar ɗaki da aka kai aure can, shekara biyar ke nan ba ta ji ɗuriyarta ba. Ta ajiye hocen a kan faifai, ta ce, "Mi sunanta?"

Muka duba littafin da muka cika da sunayen abinci tun daga Cediyar 'Yan Gurasa har Ƙofar Ruwa, shafi goma sha ɗaya. Ba mu tambaye ta ba.